Sifika Mai Tabon Kyandir

Akwai wani dattijo a unguwar Rebolo, cikin birnin Barranquilla, mai suna Evaristo Cantillo. Sana'arsa gyaran tsofaffin sifikoki na gida, irin masu akwatin katako da aka ƙera tun kafin a haifi yawancinku.

Ba ya sayen mai lafiya. Kullum da hantsi zai ɗora tabarau a kan hanci, ya buɗe shafin gwanjo a wayarsa, ya nemi waɗanda aka raina: wadda gara ta taɓa, wadda soson bakinta ya ruɓe, wadda ta shekara ashirin a ɗakin shirgi. Sai ya taya daidai ƙarfinsa. In ya samu, ya gode wa Allah. In wani ya fi shi, ya ajiye waya ya sha kofinsa.

Matarsa, Doña Nohemí, tela ce. Ita ke ɗinka yadin da ake rufe fuskar sifika in mijin ya gama nasa aikin. Shekara arba'in da biyu suna tare. Ba su tara komai ba sai gidan da suke ciki da bishiyar mangwaro a tsakar gida, amma tukunyarsu ba ta taɓa kwana a kife ba, kuma maƙwabta ba su taɓa jin muryarsu a kan titi ba.

A falonsu akwai sifika guda ɗaya da ba ta sayarwa ba ce. Ta mahaifin Nohemí ce, marigayi Don Aquilino, wanda ya yi aikin dako a tashar jirgin ruwa. Asali biyu ne, tare ya saye su. Da ya rasu, dangi suka zauna rabon gado, suka ba Nohemí ɗaya, suka ba ƙanenta Dagoberto ɗaya, suna ganin sun yi adalci.

Ba su yi ba. Irin waɗannan sifikoki ba a raba su. Faifan da Don Aquilino ya fi so, ganguna a ɗaya suke fitowa, ƙahoni a ɗayar. Mai gangunan ce ta faɗo hannun Nohemí. Dagoberto ya tafi Maracaibo da mai ƙahonin, ya sayar da ita, daga baya shi ma ya rasu.

Evaristo ya sha cewa, "Tsohuwa, bari in haɗa wayoyin, komai ya fito a guda ɗaya."

Ita kuma kullum amsarta ɗaya. "Ba haka Babana ke jin sa ba. Bar shi."

Haka ta yi shekara talatin da ɗaya tana jin ganguna kusa, ƙahoni can nesa kamar daga gidan maƙwabta.

Duk ranar Lahadi, in an taso daga coci, masu tara tsofaffin sifikoki na unguwar sukan taru a gindin mangwaron Evaristo. Su kawo faifai, Nohemí ta ɗora farfesun kifi da rogo. Suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta: in marainiyar sifika ta fito a gwanjo, kuma wani a cikinsu yana da 'yar'uwarta a gida, to sauran ba sa taya. Mai ɗaya shi ke da haƙƙin ɗayar. Abin da ake nema gare shi kawai, ya faɗa a gaban kowa.

Cikin masu zuwa akwai Tulio, tsohon direban bas, aminin Evaristo, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Akwai kuma wani sabon zuwa, Dokta Wilfrido Noguera, likitan haƙori daga arewacin gari. Shekara guda ke nan da ya fara zuwa. Yana da sifikoki sun fi talatin a ɗaki mai na'urar sanyi, amma ko sukurudireba bai iya riƙewa ba. Ba ya cin farfesun Nohemí, ya ce mai ya yi yawa. Evaristo ya girme shi da shekara ashirin, amma "mai gam" Dokta yake kiransa, don da gam yake gyara.

Wata Talata da hantsi, Evaristo yana duba gwanjo, sai ya tsaya cak. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Tsohuwa, zo ki duba min wani abu."

"Ina kan keke. In wata ruɓaɓɓiya ce kuma, babu wuri a ɗakin nan."

"Ki zo dai."

Ta zo da allura a baki. Ya faɗaɗa hoton da yatsa. Sifika ce guda ɗaya, wani mai sayar da kayan tsofaffin gidaje a Santa Marta ya saka. A saman akwatin, ta kusurwar dama, akwai ƙuna baƙa mai siffar jinjirin wata.

Nohemí ta cire allurar daga bakinta. Ta matso da wayar kusa da idonta.

"Mama ce ta yi wannan," in ji ta. "Asubar bikin kunna kyandirori, cikin Disamba. Waje iska ta yi yawa, sai ta ɗora kyandir ɗaya a kai. Sati biyu Baba bai yi mata magana ba sai gaisuwa."

Za a rufe gwanjon ranar Lahadi ta sama, da ƙarfe huɗu na yamma.

Lahadin da ta fara zuwa, Evaristo ya bi ƙa'ida. Ya tashi a gindin mangwaro ya sanar da kowa. Mutane suka yi murna. Tulio ya ce, "To Doña Nohemí, ranar da ta iso sai kin yi mana rawa, ko da gwiwar za ta ɓalle."

"Ka fara gyara tumbinka tukuna," in ji ta.

Dokta Wilfrido ya miƙa hannu. "Mai gam, ba ni wayar in gani." Ya duba hoton, ya duba lambar da ke bayan akwatin, sannan ya shiga falo ba tare da neman izini ba, ya juya sifikar Nohemí ya duba tata lambar. Lambobin suna bin juna. Ya fito yana murmushi.

Da jama'a suka watse, Nohemí ta ce, "Da ka yi shiru da bakinka. Ban son murmushin mutumin nan."

"Ƙa'ida ce, tsohuwa. Ban taɓa ɓoye tayi ba, ba zan fara yau ba."

Ranar rufe gwanjo kowa ya zo, ban da Dokta. Evaristo ya sa iyakar abin da zai iya, kuma shi ke kan gaba tun Alhamis. Aka ajiye wayar a tsakiyar tebur, kawuna bakwai a kanta. Saura minti biyu. Saura minti ɗaya. Tulio har ya fara buɗe kwalba.

Saura daƙiƙa shida, wani ya taya ninki biyu. Kafin Evaristo ya gyara tabarau, an rufe.

Babu wanda ya tambaya ko wane ne. Nohemí ta tashi ta koma kicin, suka ji ta tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ba a yi rabin awa ba sai ga motar Dokta a ƙofar gida. Ya shigo yana kaɗa makulli.

Tulio ya ce, "Dokta, ashe ba haƙori kaɗai kake cirewa ba."

Bai kula shi ba. Ya ce da Evaristo, "Kasuwa ce, mai gam. Wannan ƙa'idar taku ba ta cikin dokar shafin. Yanzu mu yi magana ta manya. Taku guda ɗaya ba ta da amfani gare ku. Ku faɗi kuɗinta, in haɗa su biyu a wurin da ya dace da su, ba cikin wannan zafin da ƙudaje ba."

Nohemí ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Dokta, ka ci abinci?"

"Na gode, Doña, ba na..."

"To tunda ba ci za ka yi ba, ga ƙofa can. Ta Babana ba ta sayarwa ba ce."

Evaristo ya raka shi har mota. Wannan ma ba kowa zai yi ba. A bakin mota ya ce, "Dokta, ka riga ka saya, taka ce. Amma abu ɗaya zan roƙe ka. In ta iso, kada ka kunna ta. Soson bakinta a hoto kamar lafiya lau, amma ya bushe. Shi ke riƙe takardar da ke fitar da sauti a tsakiya. In ka ba ta wuta a haka, zai farfashe, koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke bayan takardar, ya goge jikin ƙarfe ya ƙone. Ka bari a sauya soson tukuna. Ko ba ni ba, ka kai wa wani."

Dokta ya yi dariya. "Ka rasa sifika, yanzu kana neman aiki."

Ya ja motarsa.

Bayan kwana goma sifikar ta iso. Dokta ya gayyaci abokansa likitoci ranar Asabar da rana don su gani. Ya gayyaci mutanen gindin mangwaro ma, don su ga abin da suka rasa. Tulio ne kaɗai ya je, ya ce shi abinci ne ya kai shi.

Da yamma ya shigo gidan Evaristo yana riƙe da ciki don dariya.

"Compadre, aminina, da ka zo ka ga ikon Allah. Ya jona ta da wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai girman firij. Ya yi jawabi, ya ce yau za mu ji abin da talaka bai taɓa ji ba. Ya murɗa. Ƙaho ya fito sau ɗaya, mai daɗi, na rantse har tsikar jikina ta tashi. Sai baƙin gari ya fara zubowa ta ƙasan yadin kamar an zazzage barkono. Sai ta yi ƙara irin ta akuyar da aka taka. Sai shiru. Sai wari. Matarsa ta ruga kicin ta zaci shinkafa ce ta kama."

Evaristo bai yi dariya ba. Ya kalli matarsa. Ita kuma ta kalli Tulio har dariyar ta mutu a bakinsa.

"Abin Babana ne ya ƙone," in ji ta. "Mene ne abin dariya?"

Wata biyu Dokta bai leƙo ba. An ji ya kai ta wurin masu gyara uku, har da na Bogotá. Duk maganarsu ɗaya: ba a yin irin wannan koyil yanzu, sai dai a cire cikin gaba ɗaya a sa sabo na kanti. In an yi haka kuwa, akwati kawai ya saya. Na ukun ne ya ce masa, "Akwai wani tsoho a Rebolo da ke naɗa koyil da hannu. In bai iya ba, babu mai iyawa."

Wata Laraba da hantsi sai ga shi, ba kaɗa makulli. Shi da kansa ya ɗauko sifikar daga mota, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Barka da hantsi, Don Evaristo." Karo na farko ke nan da ya haɗa sunansa da Don, laƙabin girmamawa.

Tulio, wanda ya zo shan kofi, ya waiga hagu da dama. "Wa ake nema? Nan gidan mai gam ne."

Evaristo ya ce a shigo da ita. Ya kwance, ya duba. Koyil ɗin ya narke ya zama dunƙule, ba a iya ƙirga naɗinsa, ba a iya gane kaurin wayar.

Tulio ya ja shi gefe. "Compadre, kada ka taɓa ta. Ce masa ta mutu. Sati guda zai sayar maka da ita a kuɗin kifi. Ka gyara abinka a nutse. Allah ne ya kawo maka ita har gida."

"Ba ta mutu ba, Tulio."

"To wa ya sani in ba kai ba?"

"Ni ɗin."

Ya koma wurin Dokta ya gaya masa gaskiya. Za ta gyaru, amma hanya ɗaya ce: sai an buɗe 'yar'uwarta mai lafiya, an ɗaga takardarta, an ƙirga naɗin an auna wayar. Takardar kuwa ta haura shekara sittin. In hannu ya goce ta yage, an rasa duka biyun.

"Kuma wannan ba tawa ba ce da zan yanke hukunci," in ji shi. "Ga mai ita can."

Dokta ya juya wajen Nohemí. Tana kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba. Mutumin da ya saba ba da umarni bai san yadda ake roƙo ba.

Ita ce ta sauƙaƙa masa. Ta tsayar da keken, ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan tabon kyandir ɗin. Ta daɗe a haka.

"Ba don kai ba, Dokta," in ji ta. "Kai ba ka cancanta ba, kuma ka sani. Amma ba zan bar abin Babana ya kwanta ba murya ba, ko a ɗakin wa yake. Tsoho, buɗe tawa. In ka yaga ta, ka nemi wurin kwana a gidan Tulio."

"Gadona ɗaya ne," in ji Tulio.

Kwana uku Evaristo ya yi kafin ya ɗaga takardar, yana jiƙa tsohon gam kaɗan-kaɗan da ɗan burushi. Nohemí ta riƙe masa fitila, ta hana kowa tari a ɗakin. Ya ƙirga naɗin sau uku da gilashin ƙara girma. Ya mayar da takardar lafiya, ko tsaga babu. Sannan ya zauna ya naɗa sabon koyil da waya siririya kamar gashi. Na farko bai yi masa ba, ya warware. Na biyu ma haka. Na uku ya karɓa. Ya sa sabon soso. Nohemí ta wanke tsohon yadin fuskar da hannunta, ta ƙi sa sabo. Tabon kyandir kuwa ba wanda ya goge shi.

Gyararriyar sifika ba a sanin ta yi daidai sai an ji ta kusa da 'yar'uwarta. Don haka ranar Lahadi aka fito da su biyun gindin mangwaro, ɗaya dama ɗaya hagu. Aka ajiye kujerar Nohemí mai lilo a tsakiya. Evaristo ya ɗora faifan Don Aquilino, ya murɗa kaɗan.

Ganguna suka fara daga hagu, yadda suka saba. Sai ƙahoni suka amsa daga dama, kusa, kamar masu busar suna tsaye a jikin katanga.

Kujerar ta daina lilo. Nohemí ta rufe ido. Leɓenta na motsi, tana bin waƙar. Haka ta zauna har faifan ya kai ƙarshe.

Ta buɗe ido ta ce, "Haka yake." Sai ta tashi ta tafi duba farfesu.

Dokta yana tsaye a baya, hannu a aljihu. Evaristo ya ce masa, "Ta yi. Amma sabon soso da sabon koyil suna son a bi su a hankali. Awa arba'in da ƙaramar murya kafin a ƙara. Za ka iya yi a gidanka, in za ka yi haƙuri."

Dokta ya kalli sifikar, ya kalli ƙofar kicin. "Ni ba ni da lokacin wannan. Ka yi a nan. Zan zo Lahadi in duba."

Ya biya kuɗin aiki yadda aka faɗa masa, bai yi ciniki ba.

Lahadi ya zo. Nohemí ta ajiye masa kwanon farfesu ba tare da ta tambaye shi ba. Ya ci, ya ƙara. Awa arba'in ta cika a sati na biyu, Evaristo kuwa bai ƙara ko awa ɗaya a kai ba. Ya goge akwatin, ya naɗe shi da bargo, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Dokta, ga kayanka. Ta gama."

Nohemí tana kicin, ta juya baya. Ba ta fito ba.

Dokta ya ce, "Kwance ta in ji tukuna."

Aka kwance, aka jona, aka sa faifai. Ya kanga kunne a jikin yadin, ya ɓata fuska irin ta likita mai duba haƙori.

"Ina jin wani ɗan kar-kar a ciki."

Evaristo ya saurara da kyau. "Babu komai, Dokta."

"Akwai. Kunnenka ya tsufa, Don Evaristo. Ba zan ɗauki aikin da bai kammala ba. A bar ta nan, zan sake dubawa Lahadi."

Tulio ya buɗe baki zai yi magana. Nohemí, da ta fito da ludayi a hannu, ta taka masa ƙafa.

Yau shekara huɗu ke nan. Duk Lahadi Dokta Wilfrido yana zuwa, ya gaida Doña Nohemí da farko kafin kowa, ya kanga kunne a jikin sifikar, ya ce har yanzu da saura. Evaristo ya ce babu komai. Dokta ya ce akwai. Sai a zuba farfesu. Tun daga lokacin bai sake taya marainiyar wani ba. Ya ma gyara wa Tulio haƙora biyu, ko da yake Tulio na cewa wannan ramuwa ce, don sati guda bai iya magana ba.

Kujerar tsakiya kuwa ta Nohemí ce. Ko Dokta bai taɓa zama a kai ba.

Darasi: Kuɗi na iya ƙwace abu a daƙiƙa shida, amma ba sa koya wa mutum yadda zai riƙe shi. Wanda ya girme ka a sana'a, in ya ce kada ka kunna, to kada ka kunna. Kai kuma da aka zalunta, ranar da wanda ya cuce ka ya faɗo hannunka, ka gaya masa gaskiya, ka yi masa aiki mai kyau, kada ka karɓi haƙƙinka ta hanyar ƙarya. Evaristo bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma ga sifikar nan a gidansa. Ku tura wa 'yan'uwanku su karanta, musamman masu ganin ladabi na talaka ne kawai.